Ƙafar da ta kai goro Kano, yau babur take jira

Fataken da suka raya kasuwar Salaga a ƙarni na 19 ba su san wani abu wai shi motsa jiki ba. Ayari kan taso daga Kano ko Katsina ya yi watanni a hanya, jakuna ɗauke da kanwa da tufafi, mutane a ƙasa, su sari goron Asante a Gwanja su juya. Jikokinsu ne yau a zangon Salaga da na Yendi da na Bawku suke tada babur don sayo koko da ƙosai a bayan layi. Babu mai zagin babur, ya rage wa talaka wahala ba kaɗan ba. Sai dai tuwon da muke ci bai ragu ba, gishiri da lemon kwalba ma ƙaruwa suka yi, guminmu ne kawai ya ragu. Ta wannan ƙofa hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki suke shigowa, kuma hawan jini kan yi shekaru a jikin mutum bai ji ko ciwon kai ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na bukatar aƙalla minti 150 a mako na motsin da zai ɗaga numfashi, kamar tafiya da sauri, yaro kuwa sa'a guda kullum. A lissafinta na shekarar 2022, kusan kashi 31 cikin ɗari na manyan duniya ba sa cika wannan ma'auni. Minti 150 ɗin nan rabin sa'a ne sau biyar a mako.

Mu a arewacin Ghana mun iya farawa, a wajen ɗorewa muke faɗuwa. Sallah ta ƙarato, samari su haɗa gasar unguwanni, a yi mako biyu ana ƙura, a ɗaga kofi, shi ke nan sai baɗi. Shekarar zaɓe ta zo, ɗan takara ya raba riguna da ƙwallaye, a shirya tattakin lafiya na rana guda da kiɗa da masu ɗaukar hoto. Jiki kuwa ba ya ajiyar motsi. Ƙarfin da mutum ya tara a wata uku yakan fara zubewa cikin makonni kaɗan idan ya zauna.

Gine-ginen ma haka labarinsu yake. An gina babban filin wasa na Tamale don gasar cin kofin Afirka ta 2008, wanda daga baya aka sa wa sunan marigayi Aliu Mahama, amma tsakaninsa da Yendi kusan kilomita 100 ne, Salaga ma ta fi nisa. A 2018 gwamnati ta ƙaddamar da ginin cibiyoyin matasa da wasanni guda 10 a faɗin ƙasa, Yendi da Navrongo na ciki, aikin kuma ya shafe shekaru yana tafiyar hawainiya. Filayen ciyawar roba da suka yaɗu a ƴan shekarun nan suna da kyau a hoto, amma ba kasafai ake gaya wa jama'a cewa shimfiɗar tana da wa'adi ba: tana son shara da ƙarin ɓarɓashin roba, bayan kamar shekara 10 sai an sake ta, da tsakar rana kuma tana ɗaukar zafin da zai iya ƙona fata. Duk unguwar da aka yi wa irin wannan fili, ranar yanke kirtani ya kamata dattawanta su tambayi wanda zai riƙa biyan kuɗin gyara.

Ƴan ƙwallo irin su Baba Rahman da Mubarak Wakaso da Abdul Fatawu Issahaku duk ƴan Tamale ne, Abedi Pele kuma a Real Tamale United ya fara yin suna. Jar ƙasa da yawan bugawa ne suka fitar da irinsu. Shi ya sa filin makarantar firamare da fegin bayan unguwa suka fi kowace cibiya daraja, kuma su ne ake yankawa a hankali ana dasa shaguna. Sarakunan zango da ƴan majalisar gunduma su sa ido a nan.

Ga mai son farawa, ga gargaɗi. Idan ka haura shekara 40, ko kana da ƙiba, ko an taɓa yin hawan jini a gidanku, ka je asibiti ko ƙaramin ɗakin shan magani na unguwa a auna ka kafin ka shiga fili. Magidancin da ya yi shekara 10 a kan bencin shago, ya tashi ran Lahadi ya ce zai yi minti 90 da yaran makaranta, da ransa yake wasa. Ka fara da tafiyar minti 10 bayan sallar asuba, ka riƙa ƙarawa mako-mako. Ciwon ƙirji, jiri, ko numfashin da ya ƙi daidaita bayan an huta, alamu ne na a tsaya a ga likita. A watannin Maris da Afrilu zafi kan wuce digiri 40 a Bawku, don haka gudu da rana ganganci ne. Da azumi a sassauta, a mai da motsa jikin bayan buɗa-baki. Mai asma ya kiyayi ƙurar hunturu. Samarin da ke haɗiyar tramol don kada su gaji a fili su sani ƙwayar ɓoye gajiyar take yi, tana kuma jawo farfaɗiya da kamu mai wuyar bari.

Ana yawan cewa mata ai aikin gida ya ishe su. Gaskiya ne ga mai daka da ɗibar ruwa a rijiya. Hajiyar da ke zaune a rumfar atamfa daga safe zuwa magariba ba ta cikin wannan lissafi, haka ƴar da aka raba da wasan ampe tun tana aji shida don wai ta girma. Mata huɗu ko biyar na makarantar Islamiyya ɗaya su sa lokaci, su zaga unguwa da hijabinsu, ya wadatar. Alkawari da maƙwabciya ya fi niyyar mutum shi kaɗai ƙarko, domin ranar da lalaci ya kama ki za a ƙwanƙwasa miki ƙofa.

Bawku tana da nata nauyin daban. Rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya jawo dokar hana fita a kai a kai, kuma babu mai hankalin da zai ce wa mutum ya fita gudu da duku-duku a irin wannan hali. A can tsakar gida ce filin: tsallen igiya, tashi-zauna, hawa da sauka a kan dakali, zagayen gida na rubu'in sa'a safe da yamma, har Allah ya kawo zaman lafiyar da yara za su koma fili ɗaya.