Sitaci da Ɗamewa a Saƙar Kwarashi ta Gwandu da Kalgo

Saƙar kwarashi ba tsohuwar sana'a ba ce a ƙasar Hausa. A Turai ta yaɗu cikin ƙarni na 19, kana ta shigo Arewa cikin ƙarni na 20. Sunayen kayan aikin ma shaida ne, gama "kwarashi" da "sitaci" duka an aro su ne daga Ingilishi. A Gwandu da Kalgo, cikin Jihar Kebbi, mata kan saƙa 'yan kewayayyun shimfiɗu na zaren auduga domin ado bisa tebur da marfin kwano, musamman a jeren ɗakin amarya.

Abin lura shi ne, aikin ba ya ƙarewa sa'ad da aka ajiye kwarashi. Saƙar kan fito a tattare, bakinta a lanƙwashe, idanunta a rufe. Wadda ta kai ta kasuwa haka, ta karya wa kanta kuɗin wahalar kwanaki. Sitaci da ɗamewa su ke fid da zanen.

Ga yadda a ke yi. Da fari a wanke saƙar, domin ta ɗauki maiƙon hannu. Sa'an nan a dama garin sitacin rogo da ruwan sanyi kaɗan, a zuba tafasasshen ruwa ana juyawa, har ya yi kauri kamar koko. Dalili kuwa, ƙwayoyin sitaci ba su kumbura su yi danƙo sai zafi ya kai wajen digiri 60 zuwa 70. Da ya ke yankin ƙasar shinkafa ne, ruwan da aka tace daga dafaffiyar shinkafa ya kan wadatar in ba a son tauri ƙwarai. In ya huce a tsoma saƙar, a matse a tafin hannu, kada a murɗa.

Daga nan sai ɗamewa. A shimfiɗa farin ƙyalle bisa katako ko kwali, a kafa tsakiyar saƙar da allura, a ja gefe huɗu masu fuskantar juna daidai wa daida, sa'an nan a bi sauran bakin. In aka bi bakin a jere tun farko, da'irar sai ta karkace. Allura mai tsatsa kan bar tabon da ba ya fita. Hikimar ɗaya ce da ta masu wankin hula, waɗanda ke ɗora jiƙaƙƙiyar hula bisa sassaƙaƙƙen ice ta bushe da siffar kai: auduga ta kan riƙe siffar da ta bushe a kanta.

Akwai abu uku da ya kamata malamai su faɗakar da ɗalibai. Na ɗaya, da hunturu saƙa kan bushe nan da nan, amma da damina laima kan sassauta sitaci, har ta kawo fumfuna. Na biyu, kyankyaso na cin sitaci, saboda haka abin da za a adana a akwati a wanke shi tukuna. Na uku, zaren ulu na roba ba ya shan sitaci kamar auduga, dutsen guga mai zafi kuwa narkar da shi ya ke yi. Wanda zai koyar da wannan sana'a, lalle ya fara da koyar da rarrabe zare.