KAFIN KA SAYA WA ƊAN'UWA KATIN SADARWA KA AIKA JIKWOYI

Tun daga ranar 12 ga Disamba, 1991, da aka ɗauke mazaunin Gwamnatin Tarayya daga Ikko aka kai Abuja, gidaje da yawa na 'yan Arewa suka rabu biyu. Wa yana neman abinci a Agege ko Sabon Badun, ƙane kuwa yana wajen Abuja. Ɗaya daga cikin wuraren da su ke sauka shi ne Jikwoyi, wani tsohon ƙauyen Gwarawa da ke kan hanyar da ta tashi daga Nyanya ta bi ta Karu ta nufi Karshi. Tsadar haya a cikin birni ce ta cika shi da jama'a.

Samarinmu da yawa a can sun buɗe shagunan buga takardu da cika fom da koya wa yara kwamfuta, musamman tun 2015 da jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Saboda haka ba abin mamaki ba ne mai karatu ya sami saƙo daga ƙanensa cewa in ya shiga kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko Alaba, ya sayo masa katin sadarwa. To, wanne za ka saya? Ga mai araha, ga mai tsada, kowane ɗan kasuwa kuma nasa ya ke yabo.

Da farko dai, wannan kati ba irin wanda a ke sa wa wayar hannu ba ne. Wani ɗan ƙaramin allo ne da a ke cusawa cikin kwamfuta, yana da rami inda a ke soka waya don ta yi magana da 'yar'uwarta ko da intanet. 'Yan kasuwa kan ce masa lan-kad. Wani Ba'amurke, Robert Metcalfe, shi da abokan aikinsa a kamfanin Xerox suka ƙago wannan hanya a 1973. Yawancin kwamfutoci da nasu su ke zuwa, sai in ya ƙone, ko kuwa in 'yar siririyar kwamfutar cinya ce marar rami, sannan a nemi wani.

Abin da za ka fara tambaya shi ne gudu. Akwai mai megabit 100 a daƙiƙa, wanda ya fito a 1995, akwai kuma mai megabit 1,000, watau gigabit, wanda ya fara bin wayar tagulla a 1999. Kayan da mai 100 zai kwashe daga wannan kwamfuta zuwa waccan cikin minti ɗaya da rabi, mai 1,000 zai kwashe su cikin daƙiƙa goma ko kusa da haka. Tun da ya ke bambancin kuɗinsu ba shi da yawa yanzu, sayen mai 100 asara ce.

Amma fa a lura, kati shi kaɗai ba ya gudu. Ayari ba ya wuce saurin gurgun jakin da ke cikinsa. In intanet ɗin da ɗan'uwanka ya ke biya megabit 20 ne, ko katin zinariya ka aika masa ba zai ga 21 ba. In akwatin da ke rarraba wayoyi, wanda a ke kira suwic, mai 100 ne, dukan shagon a 100 zai tsaya. Haka kuma waya. Zare takwas ne a cikinta. Mai 100 huɗu kawai ya ke bukata, mai 1,000 kuwa sai duka takwas ɗin. Zare guda ya tsinke, gudun ya faɗo, alhali kuwa katin lafiyarsa lau. Har ila yau kada tsawon waya ya wuce mita 100, a kuma guji wadda aka yi da sanholo aka shafa mata tagulla a baya, don saurin karyewa gare ta.

Sai maganar kamfani. Abin dubawa shi ne ɗan baƙin ƙwayan da ke tsakiyar allon, don sunan da ke jikin kwali ba shi ne aikin ba. Sau da yawa za ka sayi katin TP-Link na ƙasar Sin, ka tarar ƙwayansa na Realtek ne, wani kamfani na Taiwan. Shi Realtek yana da araha, ana samunsa ko'ina, ya kuma ishi kwamfutar da ke buga takardu ko ta ɗalibi. Na Intel na Amurka ya fi tsada, amma masu gyara sun fi amincewa da shi wajen jure aiki mai nauyi dare da rana, yana kuma rage wa kwamfutar kanta wahala. Saboda haka in shagon yana da babbar kwamfuta guda wadda sauran duka ke ɗiba daga gare ta, ita ce ta cancanci Intel. Sauran a ba su mai araha. Wanda ya saya wa kwamfuta goma Intel goma ya zubar da kuɗin man janareta ne kawai.

Game da wanda a ke sokawa ta ramin USB, a tabbata na USB 3.0 ne, wanda galibi bakinsa shuɗi ne. Tsohon rami na 2.0 ba ya wuce megabit 480, ko me aka rubuta a kwali. Shi kuwa na iska, watau Wi-Fi, yana da sauƙin kafawa, amma bangon bulo da cunkoson maƙwabta kan rage masa ƙarfi. Kwamfutar da ba ta motsawa, waya ta fi mata.

Wani abu kuma, tambayi ƙanenka irin ramin da ke cikin kwamfutarsa. Tsofaffi PCI gare su, na baya-bayan nan PCIe, kuma katin wannan ba ya shiga wancan. Ya ɗauko hoto ya turo maka, don gani ya kori ji.

Jabu ma yana nan, musamman mai ɗauke da sunan Intel. In ka ga an karya farashi fiye da kima, ka tuna araha ba ta ado. Gara na hannu na gaske wanda aka ciro daga kwamfutar tokumbo da sabo na jabu. Ka sa a gwada shi a gabanka, ka karɓi rasit, domin daga Jikwoyi zuwa Ikeja ba tafiyar mai da kaya ba ce.

Daga ƙarshe, ka gaya wa ɗan'uwa cewa daminar Abuja da tsawa ta ke zuwa, kuma tsawa ba ta san Intel ba, ba ta san Realtek ba. In hadari ya haɗu, ya zare wayar da ta fito daga waje. Kai kuma in kuɗi ya ragu, ka ƙara masa mai araha guda ya ajiye, don ranar da ɗaya ya ƙone kada shago ya kwana a rufe.

Allah ya ba mu sa'ar nema, ya sa mu koma gida lafiya.