Shirya Ɗalibai Don Jarrabawar Lissafi

Kowace shekara ɗaliban sakandare da dama a Nijeriya sukan rasa gurbin shiga jami'a saboda rashin kiredit a lissafi, watau daga A1 zuwa C6, a jarrabawar WAEC.

Takarda ta farko tambayoyi 50 ce na zaɓi cikin awa ɗaya da rabi, ke nan kowace tambaya ba ta samun minti biyu cikakku. Ta biyu kuwa ta fi tarko, domin masu dubawa suna ba da maki ne bisa matakan aiki. Yaron da ya rubuta amsa tsurarta, ko da daidai ce, ya zubar da maki. Saboda haka malamin ƙwarai yakan sa ɗalibansa su riƙa warware tsofaffin tambayoyi, da agogo a gabansu, tun daga aji biyar.