Idan jijiyar gwiwa ta sake tsinkewa

A tsakiyar gwiwa akwai wata jijiya da ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba. Juyi ɗaya a filin ƙwallo kan tsinke ta, kuma ba ta cika haɗewa da kanta ba. Sai likita ya yanko jijiya daga bayan cinya ko ƙasan ƙoƙon gwiwa, ya huda ƙashi ya ɗaura ta.

Idan jijiyar da aka ɗaura ta sake tsinkewa, tiyata ta biyu ta fi wuya. Ramukan da aka huda a karon farko kan faɗaɗa, wani lokaci sai an cike su da ƙashi, a jira watanni kafin a sake ɗauri. Sau da yawa guringuntsin gwiwar ma ya riga ya taɓu.

Matasa 'yan ƙasa da shekara 20 su suka fi sake samun wannan rauni, har a ɗaya gwiwar. Wani bincike na 2016 a kan 'yan wasan Amurka da Norway ya nuna jinkirta komawa fili zuwa wata 9 yana rage haɗarin sosai. A ganina ƙidayar watanni kaɗai ba ta isa ba: sai ƙarfin cinyar ya kai kashi 90 cikin 100 na lafiyayyar ƙafar, ɗan wasan kuma ya daina tsoron dira a kanta.