Makoki da Juna Biyu: Matsayin Uwar da Ɗanta ya Koma a Al'ada da Addini

Gabatarwa

Bahaushe ba ya cika cewa jariri ya mutu, sai dai ya ce ya koma, kamar baƙon da ya leƙo gida bai zauna ba. Wannan lafazi yana rage kaifin labari a kunnen mai ji, amma ba ya rage nauyin abin a zuciyar uwa, balle idan rashin ya same ta tana ɗauke da wani cikin. Irin wannan mace tana tsakanin abubuwa biyu masu jan ta, ga ɗan da aka binne, ga kuma wanda yake motsi a cikinta. Manufar wannan maƙala ita ce a duba yadda al'adar Hausawa take ɗaukar wannan uwa, da abin da addinin Musulunci ya tanadar mata, domin a ga inda biyun suka haɗu da inda suka rabu.

Gwanne da ɗora laifi

Hanyar da mace ta fi shiga wannan hali ita ce ta gwanne, wanda a wasu wurare ake kira kwanika, watau ta sami ciki tun ba ta yaye na goye ba. Al'ada tana ƙyamar gwanne ƙwarai, domin an ɗauka cewa nonon mai ciki ya ɓaci, duk yaron da ya sha shi zai lalace. Saboda haka da an gane akwai ciki sai a cire yaro daga nono rana ɗaya, sau da yawa a kai shi gidan kakarsa. Idan ya kama gudawa, ya rame, ya koma, sai a ce ai ciki ya sha. Ta haka laifi yake komawa kan uwa ita kaɗai, ba a ko ambaton mijin.

Ilmin likitanci ya nuna cewa ciki ba ya sa wa nono guba. Abin da yake cutar da yaron shi ne yayen gaggawa, a raba shi da nono a bar shi da koko ko kunu zalla. A shekarar 1935 wata likita Baturiya mai suna Cicely Williams, wadda ta yi aiki a ƙasar da ake kira Gana a yau, ta shigar da kalmar kwashiyoko cikin rubutun likitoci. Kalmar ta harshen Ga ce, kuma tana nufin ciwon yaron da ƙaninsa ya ture daga nono. Ashe ke nan maganin da al'ada ta zaɓa don kare yaro shi ne sau da yawa yake jawo tamowar da ake gudu. Uwar da ba ta san wannan ba takan zauna tana tuhumar kanta har ta haihu.

Wabi da sunayensa

Idan rashin ya maimaitu, sai a ce matar tana wabi. Mutanen da sun yi imani cewa ɗa guda ne yake zuwa yana komawa, kamar yadda Yarabawa suke da abiku, Ibo kuma suke da ogbanje. Don haka idan aka sauka lafiya sai a yi dabarar nuna cewa ba a damu da jaririn ba. Akan yi masa wata tsaga dabam da ta gidansu, ko a kai shi juji a ajiye wata ta ɗauko, sa'an nan a laƙaba masa suna irin su Ajuji, ko Ayashe, ko Ajefas. Wasu sunayen kuma roƙo ne a fili, kamar Abarshi da Abarta da Barmani. Duk wanda ya natsu a kan waɗannan sunaye zai ji fargabar uwa a cikinsu, domin wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Yau an san dalilai da dama na abin da ake kira wabi. Akwai zazzaɓin cizon sauro, da ƙyanda, da gudawa, da cutar da take shiga ta cibiya idan an yanke ta da ƙazamar aska. Akwai kuma sikila, wadda idan uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayarta, to kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na fitowa da ciwon. Binciken lafiyar jama'a na Nijeriya na shekarar 2018 ya nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa da rai, 132 ba sa kai shekara biyar, kuma adadin ya fi haka a Arewa maso Yamma. Wannan ya nuna cewa matan da ake magana a kansu suna da yawa a kowace unguwa.

Kunya da gaisuwar mutuwa

Abu na uku da yake ƙara wa uwa nauyi shi ne kunya. Idan wanda ya koma ɗan fari ne, to dama ba ta faɗin sunansa tun yana raye, ba ta yi masa wasa a gaban surukai, saboda haka kuka a kansa sai ya zama abin faɗa. Makokin jariri kuma gajere ne, kafin a jima an kai shi an dawo, kowa ya koma harkarsa. Mata masu shigowa gaisuwa sukan ce, "Allah ya sa mai ceto ne," sa'an nan su dubi cikinta su ƙara da cewa, "Ai ga shi Allah ya riga ya mayar miki da gurbi." Da kyakkyawar niyya ake faɗin haka, amma maganar tana nufin an rufe zancen wanda ya tafi. Ita kuwa uwar ta san ɗa ba ya zama a madadin ɗa. Takan ji tsoron ɗinka kayan jariri, takan ji kamar murna da motsin cikin cin amanar wanda aka binne ne, kuma ba ta da wanda za ta gaya wa.

Abin da addini ya tanada

A nan ne Musulunci ya buɗe ƙofar da al'ada ta ja. Gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya san wannan rashi. Nana Hadiza ta binne 'ya'yanta maza biyu, Alƙasim da Abdullahi, tun suna ƙanana. A shekara ta 10 bayan Hijira kuma Ibrahim, ɗan Mariya Baƙibɗiya, ya rasu bai kai yaye ba. Buhari ya ruwaito cewa Annabi ya zubar da hawaye a kansa, har Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki, sai ya bayyana masa cewa wannan jinƙai ne, kuma baƙin cikin zuciya da hawayen ido ba sa karo da yarda da hukuncin Ubangiji, muddin harshe bai faɗi abin da ya saɓa ba. Abin da shari'a ta hana shi ne kururuwa da marin fuska da yage tufafi.

Masu wa'azi sukan kawo ƙissar Ummu Sulaimin, wadda ɗanta ya rasu mijinta Abu Ɗalha ba ya gida. Ta shirya gawar, ta ciyar da mijin, sa'an nan ta sanar da shi ta hanyar misalin kayan aro da mai shi ya zo ya karɓa. Annabi ya yi musu addu'a, ta sami ciki, ta haifi Abdullahi. Ƙissa ce ta haƙuri babba, amma ba daidai ba ne a mayar da ita bulalar dukan macen da ta yi kuka, tun da wanda ya sa wa Ummu Sulaimin albarka shi ne ya yi wa Ibrahim hawaye.

Bugu da ƙari, addini bai shafe wanda ya koma daga lissafi ba. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risalar Ibnu Abi Zaidin, jaririn da ya yi kuka bayan haihuwa ana yi masa salla kamar kowane mamaci. Tirmizi kuma ya ruwaito cewa bawan da aka karɓi ran ɗansa ya gode wa Allah, ya mayar da al'amari gare shi, za a gina masa gida a Aljanna mai suna gidan godiya. Wannan yana nuna wa uwa cewa 'ya'yanta biyu ne, ɗaya ya riga ta, ɗaya yana tafe, kuma kowannensu yana da nasa matsayi.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa al'ada ta san tsoron wannan uwa sarai, har ta raɗa masa sunaye, amma ba ta ba ta filin baƙin ciki ba. Haƙurin da addini ya nema a wurinta yarda ce da ƙaddara, ba a ce sai ta haɗiye hawayenta ba. Abin da ya wajaba a kan miji da suruka da maƙwabta shi ne su ɗauke mata laifin da ba nata ba, su bar ta ta ambaci ɗanta idan ta so, su kuma tabbatar tana zuwa awon ciki, a gwada jininta da na mijinta idan rashin ya maimaitu. Neman magani ba ya rage tawakkali. In an yi haka, addu'ar "Allah ya raba lafiya" za ta isa kunnenta tana da zuciyar da za ta ce amin.