Shafi guda na bayanan gwamnati: Abin da ya rage wa dokar 2011

A ranar 28 ga Mayun 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya hannu kan Dokar 'Yancin Samun Bayanai. Dokar ta bai wa kowa damar neman takardun gwamnati ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, ta kuma wajabta wa ma'aikata ba da amsa cikin kwana bakwai. Hana bayani ba bisa ƙa'ida ba na jawo tarar naira 500,000.

A takarda ke nan. A aikace, mai son sanin nawa aka biya ɗan kwangilar da ya bar asibitin garinsu ba rufi, sai ya fara gano ofishin da ke riƙe da fayil ɗin, ya rubuta wasiƙa, ya kai ko ya aika Abuja, sannan ya zauna jira. Idan aka yi shiru, mafitarsa kotu ce, ita kuwa sai mai kuɗin lauya.

Wasu bayanan suna intanet, amma a warwatse. Tun Disambar 2019 akwai shafin Open Treasury, inda aka umarci ma'aikatun tarayya su riƙa wallafa manyan kuɗaɗen da suka biya. Bayanan kwangiloli na shafin hukumar BPP, rajistar kamfanoni kuma na hukumar CAC. Mai bin diddigin kwangila ɗaya sai ya zagaya shafuka uku.

Wasu ƙasashen sun haɗa ƙofofin. Indiya ta buɗe RTI Online a 2013, inda mutum zai tura buƙatarsa ga ma'aikatun gwamnatin tsakiya, ya biya rupi 10, a ba shi lambar bibiya. Amurka ma ta buɗe irin wannan ƙofa a FOIA.gov a 2018.

Wannan lambar ita ce jigon lamarin. Da zarar kwamfuta ta rubuta ranar da buƙata ta shiga, babu mai cewa wasiƙa ta ɓata, kuma kowa zai ga ma'aikatar da ta wuce kwana bakwai. Ministan Shari'a, wanda doka ta ce kowace ma'aikata ta miƙa masa rahoton buƙatun da ta karɓa kafin 1 ga Fabrairun kowace shekara, zai sami alƙaluman a gabansa.

Sai dai shafi kaɗai ba zai wadatar ba. Fayil ɗin da ke jibge a kabad ba zai hau intanet da kansa ba, sai an ɗauki hotonsa an tsara shi. Dole shafin ya buɗe a ƙaramar waya ba tare da cinye data ba, ya kuma karɓi buƙata da Hausa da sauran harsunan ƙasa.

Dole kuma jihohi su shiga ciki. A Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa dokar ta hau kansu su ma, kuma makarantun firamare da ƙananan asibitocin da talaka ya fi tambaya a kansu suna hannun jihohi da ƙananan hukumomi ne.