Tun Ran Gini, Ran Zane

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

Yau ƙasar Japan muka nufa, inda ake ƙera gida a masana'anta kamar yadda ake ƙera mota, a ɗora shi a bayan tirela, a kai shi fili a kafa. Abin da ya kai mu can shi ne zaman da miji da mata kan yi a gaban takardar zane, wata da watanni, suna shawarar inda ƙofa za ta kalla da inda uwar miji za ta kwana, tun ba a yanka ƙarfe ko ɗaya ba. Ku gyara zama, ku biyo mu.

(Sautin manyan motoci da ƙarar injin ɗaga kaya)

Da sassafe ake fara aikin. Harsashi ya riga ya bushe tun makonni. Tireloli sun yi layi a bakin unguwa, kowacce ɗauke da akwati guda mai girman ɗaki. Motar ƙugiya ta ɗaga akwatin farko, yana lilo a sama da ƙarfen wutar titi, ma'aikata na jan igiya suna daidaita shi har ya zauna daram a kan harsashi. A cikin akwatin nan an riga an saka taga, an ja wayar lantarki, an shimfiɗa bututun ruwa. Na biyu ya sauka a gefensa, na uku ya hau kansu. Kafin rana ta faɗi an ɗora rufi, an kulle ƙofa. Maƙwabcin da ya fita aiki da safe ya bar fili, ya dawo da yamma ya tarar da bene.

Haka kamfanin Sekisui Heim yake aiki tun da ya fito da gidansa na farko a 1971, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na aikin a masana'anta yake ƙarewa. Larura ce ta haifi sana'ar. Yaƙin Duniya na Biyu ya bar Japan da giɓin gidaje sama da miliyan 4, ga kuma ƙarancin kafintoci da katako. A 1959 kamfanin Daiwa House ya fito da wani ɗan ƙaramin ɗaki da ake kafawa a bayan gida cikin sa'a 3, domin yara su samu wurin karatu, kuma ya karɓu ƙwarai. Daga nan harka ta buɗe, har kamfanin motoci na Toyota ya shiga ƙera gidaje a 1975.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Mai gini da bulo yana iya zuwa da hantsi ya ce wa magini, "Malam, matsar da tagar nan gaba kaɗan." A rushe layi biyu, a gyara, a sha shayi a ci gaba. Gidan masana'anta bai san wannan ba. Ranar da ka sa hannu a kan zane, ranar aka tura shi ga injuna, su yanka ginshiƙi, su huda bango daidai inda aka ce. Duk abin da ka tuna bayan nan, ko dai ka biya kuɗi mai tsoka ko ka haƙura ka zauna da shi. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. A wannan irin gida, zanen ma ya riga ginin.

(Kiɗa kaɗan)

Shi ya sa iyali a Japan kan fara da yawon kallo. A manyan garuruwa akwai filaye na musamman inda kamfanoni ke kafa gidajen gwaji jere da juna, babu mai zama a ciki. Ranar hutu sai ka ga miji da mata da yara sun cire takalmi sun shiga, uwargida na buɗe durowar kicin tana gwada ko hannunta zai kai, maigida na hawa matakala yana ƙirga taku. Bayan nan sai zama da mai zane, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Abu na farko da mai zanen zai duba shi ne hanya. Dokar gini ta Japan ta ce fili a gari sai ya kasance yana da fuska aƙalla mita 2 a kan titi mai faɗin mita 4. Ga gidan akwati kuwa, ko an cika wannan sharaɗi sai an tabbatar tirela za ta iya shan kwana, kuma ƙugiya za ta samu wurin kafa ƙafafunta ba tare da ta taɓa wayar wuta ba. Faɗin babbar mota a titunan ƙasar bai wuce mita 2 da rabi ba, saboda haka akwatin ma ba zai wuce haka ba. Mai son falo mai faɗi sai a haɗa masa akwati biyu ko uku, a bar tsakaninsu babu bango. Amma kowane akwati yana da ginshiƙi a kusurwoyinsa huɗu, kuma a ƙasar da girgizar ƙasa ba baƙuwa ba ce, wadda ta ƙara tsaurara dokar gininta a 1981, ba a wasa da ginshiƙi. Mai zane nagari yakan ɓoye shi a jikin bangon kicin ko a gefen durowa. Wanda bai kula ba sai ya tarar da ƙarfe tsaye tsakaninsa da talabijin.

Na biyu, awo. Bajapane ba ya cewa ɗaki ƙafa kaza ne, da tabarma yake aunawa. Tabarmarsu ta gargajiya, tatami, tsawonta kusan santimita 180 ne, faɗinta kusan 90, wato daidai kwanciyar mutum ɗaya. Ɗakin da aka fi sabawa da shi mai tabarma 6 ne, kusan murabba'in mita 10. Ɗakinmu na ƙafa 12 tsawo da faɗi ya fi shi girma. Wannan awo yana da hikima, domin da an ce tabarma 6, mai saye ya san mutum nawa za su miƙe ƙafa a ciki, kuma ina kaya za su tsaya. Lissafin ya fara daga jikin mutum kenan.

Sai maganar raba wurare. A 1951 masana gine-gine a Japan suka fito da wani tsari na gidajen gwamnati da ake kira 51C. Gidan ƙarami ne ainun, amma ya tsaya a kan ƙa'ida biyu: wurin cin abinci daban da wurin kwana, kuma makwancin iyaye daban da na yara. Har yau tallan gida a can da wannan tunani ake rubuta shi, a faɗi yawan ɗakunan kwana, sannan falo da wurin cin abinci da kicin a haɗe. Mai sauraro musulmi zai tuna cewa addini ya yi umarnin raba wa yara makwanci idan sun kai shekara 10. Yaro mai shekara 3 yau, nan da ɗan lokaci saurayi ne. Dabarar da ake yi a can ita ce a zana ɗakin yara babba guda, amma a saka masa ƙofa biyu, taga biyu, makunnin wuta biyu. Ranar da buƙata ta zo, sai a ja bango mara nauyi a tsakiya, ɗaki ɗaya ya koma biyu.

(Sautin ruwa yana zuba a famfo)

Ruwa ma yana da nasa hukunci, kuma akwai darasi a kai daga Birtaniya. Bayan bama-baman Jamus sun rusa unguwanni, gwamnatin Birtaniya ta yi dokar gidajen wucin gadi a 1944, aka kafa sama da 156,000. Wasu daga cikinsu a masana'antun jiragen sama aka ƙera su da goran ruwa, wato alminiyam, ana kawo kowane gida kashi huɗu a kan mota. Masu zanen sun jingina kicin da banɗaki baya da baya, bango ɗaya tsakaninsu, duk bututun ruwa da tukunyar ɗumama shi suna cikin bangon nan. Bututu ya gajarta, kuɗi ya ragu, idan wani wuri ya yi yoyo an san inda za a nema. An ce gidajen shekara 10 za su yi, sai ga wasunsu da mutane a ciki bayan shekara 70. Har gobe mai zanen gidan masana'anta zai ba ka shawarar ka tara kicin da banɗaki da wurin wanki a gefe ɗaya, idan bene ne kuma banɗakin sama ya hau kan na ƙasa.

Amma tambayar da ta fi ɗaga murya a teburin zane ba ta bututu ba ce. A 1975 kamfanin Asahi Kasei ya fara tallan abin da ya kira gidan zuriya biyu, wato iyaye tsofaffi da ɗansu ko 'yarsu da iyalinsa a ƙarƙashin rufi ɗaya. Tsadar fili a birane ce ta jawo haka. Nan take tambayoyi suka taso. Ƙofar shiga ɗaya ce ko biyu? Murhu ɗaya ko kowa da nasa? Wa zai zauna ƙasa? Galibi tsofaffi ne a ƙasa saboda gwiwa da matakala, amma kada a ɗora ɗakin jikoki masu tsalle-tsalle a saman makwancinsu. Wasu iyalai kan raba komai, su bar ƙofa guda a ciki wadda ake iya kullewa ta kowane gefe. Duk wanda ya san zaman suruka da uwar miji ya san zo mu zauna zo mu saɓa ne, kuma sau da yawa a bakin murhu ake fara saɓawar.

(Kiɗa kaɗan)

Masu sauraro, me ya shafe mu da wannan? A garuruwanmu yanzu ana ganin ofisoshi da shaguna na kwantena, kuma akwai masu tallan gidajen haɗi da ake shigo da su daga waje. Gidan Bahaushe na asali yana girma ne tare da mutanensa. Zaure a gaba, inda baƙo namiji ke tsayawa. Sai shigifa, sai tsakar gida inda ake daka da wanki da shanya. An yi sabon aure, a ja ɗaki. Ɗa ya girma, a yanka masa sashe. Zanen da aka yi wa iyalin Japan bai san zaure ba, bai san turaka ba, kuma mai zana shi bai taɓa jin cewa ba a son makewayi ya fuskanci alƙibla ba. Haka kuma Bajapane yana son manyan tagoginsa su kalli kudu don ya sha hantsi lokacin sanyi. Mu kuwa ranar yamma ce abokiyar gabarmu, bangon ƙarfen da ta daka tun azahar ba zai bar mutum ya yi barci ba sai dare ya raba. Dogon gefen gida da tagoginsa su kalli arewa da kudu, a sa rumfa, a tambayi kaurin abin da aka cusa a bango da rufi don tare zafi.

Akwai dabara mai sauƙi da ba ta cin ko sisi. Kafin ka sa hannu, ɗauki zanen ka je filin da iyalinka, a ja layin kowane ɗaki da toka a ƙasa, daidai awonsa. A ce ga su nan tsaye da la'asar. Uwargida ta shiga inda aka rubuta kicin, ta miƙa hannu, ta juyo ta ce, "Maigida, idan na ajiye buhun shinkafa da randar ruwa a nan, ni ina zan tsaya?" Ta taka zuwa layin falo ta ƙara da cewa, "Kuma idan abokanka suna zaune, ta gabansu zan wuce da kwano?" Tsohuwa na gefe da sandarta, ta ƙirga taku daga ɗakinta zuwa banɗaki, ta ce, "Ɗan nan, da daddare wannan tafiyar ta yi mini nisa." A wannan yammacin, gyaran duka bai wuce a share toka da ƙafa a sake ja ba.

Saboda haka, mai niyyar irin wannan gida ya auna titin unguwarsa kafin ya auna falo. Ya tara wuraren ruwa gefe ɗaya. Ya lissafa iyalin da zai zama nan da shekara 15, ya kuma tambayi kamfani a rubuce wane bango ne ake iya cirewa, ta ina kuma za a iya jingina sabon ɗaki. Fiye da duka, ya kira wadda za ta wuni a gidan ta zauna a teburin zane, domin ita ta san inda hayaƙi ke bi da inda yara ke taruwa. Masana'anta za ta ƙera abin da aka rubuta mata ne kawai, daidai ko kuskure.

A nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Allah ya ba mai nema muhalli, ya sa albarka a gidajenmu.

(Kiɗan rufe shiri)